Ambulan ɗin Rufus Tidwell

Tun ranar Litinin Earlene Pickett ta kasa zama wuri ɗaya. Mace mai shekara arba'in da shida, akawun asusun fursunoni a wani gidan yari a jihar Alabama ta Amurka, sai ga ta tana rera waƙa tana buga hatimi, har ta buga wa takarda ɗaya sau uku. Ranar Asabar za a ɗaura mata aure. Duk wanda ya leƙo tagarta sai ya ga zoben, ko ya so ko bai so ba. Sunan angon kaɗai take ɓoyewa, wai dokar aiki ce.

Fursunoni ma sun taya ta murna. Suka zana mata kati da biro, da tattabaru biyu masu kama da kaji.

Rufus Tidwell ne ya kawo katin, da hannun hagu. Yatsunsa uku na dama ba sa lanƙwasuwa tun ranar da wani gandiroba ya datse su da ƙofar ƙarfe. Ya kai ƙara kotun tarayya, alƙali ya ba shi kwana talatin ya biya kason farko na kuɗin shigar da ƙara, dala goma sha takwas, ko a kore ta. Fursuna ba ya riƙe kuɗi. Daga asusunsa ake cira, ofishin Earlene ke aikawa. Uwarsa ta haƙura da maganin hawan jini na wata guda ta zuba masa kuɗin.

"Madam Earlene, cekin nan dai ya tafi ko?"

"Kai Rufus, ka cika mita! Da hannuna na liƙe ambulan ɗin."

"To Allah ya sanya albarka a auren. A rage mana kek."

Ta yi dariya har da hawaye. Da ya juya, ta ƙara soke kwana ɗaya a kalanda, ta ɗan taka rawa daga teburi zuwa kabad.

Ranar Alhamis takardar kotu ta iso. An kori ƙarar saboda rashin biya, ga shi wa'adin shekara biyu da doka ta ba shi na kai ƙara ya cika, babu damar sake shigar da ita. Rufus ya daɗe tsaye a taga yana juya takardar.

"Aikin gidan waya ne, bawan Allah," in ji Earlene. Ta ji tausayinsa, gaskiya ta ji, na kusan minti biyar. Sai tela ta kira, wai rigar aure ta kammala.

Ƙarfe biyar ta fito kamar za ta tashi sama. Angon na jiranta a mota, ko kakinsa na gandiroba bai cire ba. Ta faɗa kujera tana haki, ta buɗe jaka, ta zaro ambulan ɗin cekin Rufus a liƙe, da kan sarkinsa, ta ajiye masa a cinya.

"Ga kyautarka ta aure, Dwayne. Amma don Allah nan gaba ka riƙa duba hannun mutane kafin ka rufe ƙofa."