Takardar Mai Dabbab

Wata Juma'a ce komai ya canza. Matata Jawahir ta dage sai ta hau dabbab, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da ake haya a tudun yashi kan hanyar Jidda. Tun daga unguwarmu ta Shisha take dariya a mota kamar yarinya.

Mai hayar ya miƙo mata takarda yana sakace haƙori. "Sa hannu nan, Hajiya. Ba sai kin karanta ba."

Na fizge na karanta. Ko karaya, ko shanyewar jiki, ko mutuwa, duk ba ruwansu. Wato su kuɗi, mu makara. Na sha karatu a rayuwata, amma ban taɓa ganin rashin kunya cikin Larabci mai kyau haka ba.

"Haba Abu Rakan, zagaye ɗaya fa," ta ce mini. Har ta kifa hular kwano kan mayafinta.

"Waɗannan mahautan? Wallahi ba da matata ba."

Na yaga takardar a gabansa. Ta cire hular. Na maido ta gida lafiya, ina jin kaina gwarzo.

Ashe tun kafin wannan ranar, likita ya faɗa mata abin da ke cin jikinta. Ni kaɗai ne ban sani ba. Ba ta kai azumi ba. A kan gadonta ta cika, nesa da duk wani haɗari.

Abin da ban samu na ce mata ba bai fi wannan ba: "Hau, Jawahir."