Ranar da Na Sha Rubutun Baba

Shekarar da Baba ya dawo garinmu Kwaya daga ci-rani a Kano, bai zo da rediyo kamar sauran 'yan ci-rani ba. Ƙunshin takardun buhun siminti ya kawo, cike da ajami. Wasan kwaikwayo ne ya rubuta da tawada a kan leburorin da suka yi aiki tare, har da wanda gini ya rufta wa ya rasu.

Wata la'asar zazzaɓi ya kwantar da ni, Baba yana gona. Kakata Inna ba ta iya karatu ba. Ta ga baƙaƙen Larabci, ta ɗauka ayoyi ne. Ta jiƙa takardun a ƙwarya, ta yi bisimilla, ta ba ni na sha. Har yau ina jin ɗanɗanon simintin nan a harshena.

Baba ya shigo, ya daɗe yana kallon ƙwaryar.

"Inna, duka kika wanke?"

"Duka. Jikin yaron ya yi zafi ƙwarai."

Ya dafa goshina. "Allah ya ba shi lafiya," ya ce.

Daga baya ya rubuta littattafai, har ana sa wasanninsa a rediyo. Wancan kam bai sake rubuta shi ba. Ni na shanye shi, kuma ban san ko sunan mamacin ba.