Layi a Wuya

Bandar ya sa safar hannu kafin ya buɗe akwatin. Nasir ya zuba masa ido.

Katunan 'yan wasan besbol ne, ɗari huɗu, da Nasir ya tara lokacin karatunsa a Amurka. Shekara shida suna ajiye a ɗakin mahaifiyarsa a Hindawiyya, bai ƙara buɗe su ba. Yanzu iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a Saudiyya, za ta ƙare ranar Alhamis, kafili kuma, ubangidan da ya tsaya mata, ya ce ba zai jira kuɗin sabuntawa ba. A duk Jidda, Bandar kaɗai ya samu mai sayen irinsu.

"In dai ba tabo, halas, yau zan biya," in ji Bandar.

Ya ɗaga na farko. Ya ɗaga na biyu, da na goma.

"Wa ya taɓa su?"

Nasir ya karɓa ya duba. A wuyan ɗan wasan akwai layin jan biro, miƙaƙƙe.

Hajiya Mastura, mahaifiyar Nasir, ta shigo da shayi, ta ajiye.

"Ni ce, ɗan nan. Hotunan mutane a ɗakin da nake salla? Ai mala'iku ba za su shigo ba. Zubarwa ma aka ce in yi, na ce na Nasir ne. Sai na yanke musu wuya da biro."

"Umma, guda nawa?"

"Kwantar da hankalinka," ta ce. "Da rula na bi su. Ban tsallake ko ɗaya ba."