Talotalon Baba a Kan Wuta

"Rashida, janye itacen nan! Talotalo ba kaza ba ne!"

'Yar tawa ko waiwaye ba ta yi ba. Ni da ɓauna ta kasa kashewa a dajin Falgore! Duk Doguwa ba wanda ya kai ni iya banda. Garwashi da hayaki kawai yake so, daga hantsi zuwa la'asar, har jini ya ɗauke a cinya. Yarinyar nan za ta ƙona shi, ta zubar mini da suna.

Na miƙa hannu kan ragar. Ban ji zafi ba.

Maƙwabciyarmu Saudatu ta leƙo. "Ƙauri nake ji, lafiya?"

Rashida ta share hawaye. "Talotalon Baba ne, Inna. Yau sadakar arba'in ɗinsa, ni kuwa ban taɓa tsayawa na koya ba."