Turaren Narelle

Narelle ta dire robar ruwan wanke banɗaki a teburin Declan, tsakanin ƙananan kwalaben da yake haɗa ƙamshi da su.

"Buɗe ka sunsuna."

Bai buɗe ba. Ya san ƙamshin da ke ciki. Turaren da ya haɗa mata ne ita kaɗai, wanda ya rantse babu wata mace a Melbourne da za ta shafa shi.

"Kamfani ne suka matsa mini, kuma duk abin da na haɗa bai kai shi ba," ya ce. "Ai ba wata na ba wa ba."

Kallonsa kawai ta yi. Ya laluba aljihun farar rigar aikinsa, ya fito da zobe.

"Narelle, ki aure ni."

"Jiya a jirgin ƙasa wata tsohuwa ta tambaye ni nawa nake karɓa in wanke gida."

Ta rataya jakarta, ta tura masa robar kusa da zoben.

"Riƙe wannan. Duk ranar da ka yi kewata, ka shiga banɗaki."