Gwajin Mota a Fadamar Dundaye

Alhaji Ashafa, falken shanu, ya zagaye motar yana bubbuga ƙafafunta da sanda, tamkar mai duba bijimi a kara, kasuwar shanu. Ya durƙusa ya dubi tazarar cikinta da ƙasa, ya sa aka buɗe masa injin ya sunsuna. Sabuwar jif ce mai jan ƙafa huɗu, irin wadda masu shiga daji suka fara nema a Sakkwato a shekarar samun 'yancin kai.

Mika'ilu, direban kamfanin da ke sayar da ita, hankalinsa yana kan rana. Bayan la'asar ana jiran sa a Ƙofar Taramniya, gidan Malam Ladan, wanda yake neman auren 'yarsa Ni'imatu. Uban ya amince, amma yarinyar riƙon gwaggonta ce, Malama Ashatu, tsohuwar malamar makarantar mata da ke zaune a Gusau, mai tabarau da laima da takalmin kanti. Ita kuwa ta daɗe da yanke hukunci cewa direba ba ya shiga zuri'arsu, domin a cewarta kowane direba bakinsa cike yake da ashar. Da kyar aka shawo kanta ta zo, ta yarda ta gan shi sau ɗaya. Farar rigarsa sabuwa tana ninke ƙarƙashin kujera.

"Kwalta ba ta hwaɗin halin mota," in ji Alhaji. "Mu tahi Dundaye in gani da idona."

Suka ratsa gari ana shafa wa gine-gine farar ƙasa saboda bikin da ke tafe. A Gawon Nama wata tsohuwa mai koɗaɗɗen mayafi tana tsaye bakin hanya da kwandon kaji. Alhaji ya ce a tsaya a rage mata hanya. Kafin ta zauna sai da ta shimfiɗa ɗan ƙyalle a kan kujerar.

Motar ta ci yashi babu gardama, ta hau tudu, ta gangara kwazazzabo, Alhaji yana gyaɗa kai. Tsohuwar ce ba ta gamsu da komai ba. In Mika'ilu ya yi sauri, ta ce zai kashe mata kaji. In ya sassauta, ta ce kasuwa za ta watse. Tana ƙanƙance ido, tana shafa karan hancinta, tana tambayar sa ko wane ne ubansa da bai koya masa natsuwa ba.

Da suka kusa Dundaye ta nuna hanyar fadama, ta ce ta fi kusa. Mika'ilu ya ce an yi ruwa jiya.

"Abin da ni zo gani ke nan," in ji Alhaji.

Mika'ilu ya ja ƙaramar sandar giya, ƙafafu huɗu suka kama aiki. Sun yi nisa cikin shinkafa lafiya, sannan motar ta karkata ta zauna cikin laka har ciki. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin kujera. Kwando ya kife, wata kaza ta tashi ta dira a kan hular Mika'ilu.

"Wagga mota, jakin maƙwabcina ya hi ta!" in ji tsohuwar. "Ko ko direban na ba ya da kai?"

Wata kalma irin ta tasha ta taso wa Mika'ilu har maƙogwaro. Ya haɗiye ta.

"Sannu, Inna. Ba ki dai ji ciwo ba?"

Ya naɗe wando ya shiga laka. Ya tona da hannu, ya saro kaba ya cusa ƙarƙashin ƙafafun, ya rage musu iska. Ya bi kajin cikin shinkafa ya kamo su ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar tana zaune tsaf, bayanta a miƙe, tana gaya masa ba haka ake riƙe kaza ba. La'asar ta same su a nan. Ya wanke hannu, ya yi salla a kan kunyar gona, ya koma bakin aiki. Daga ƙarshe motar ta yi gurnani ta fito da kanta, ba tare da an nemo shanun ja ba.

A bakin Dundaye tsohuwar ta tuna cewa ashe yau ba kasuwa ba ce, sai a mayar da ita birni.

Mika'ilu ya rufe ido, ya buɗe, ya juya kan mota.

Ya sauke ta inda ya ɗauke ta, ya miƙa mata kwandonta. Alhaji ya ce zai yi shawara. Farar riga ta zama tsumma, rana kuma ta yi ja. Haka ya isa Ƙofar Taramniya, laka har gwiwa, ya durƙusa a zaure gaban Malam Ladan yana ba da haƙuri, ya riga ya fid da rai. Aka bar shi yana jira har aka fara shirin magariba.

Sai aka ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmin kanti. Malama Ashatu ta shigo da tabarau da laima da ƙamshin sabon wanka. Mika'ilu bai iya ɗaga kai ba. Ta dubi ƙanenta.

"Ladan, ka gaya wa ɗan'uwanmu Ashahwa ya sayi motar, ta yi. Direban ma ya yi, na ba shi ɗiyata. Amma duk wanda ya ce an ga Malama Ashatu rungume da kwandon kaji cikin hwadamar Dundaye, ni da shi sai gaban alƙali."