Lallen Ranar Zaɓe

Tun da aka kawo sabuwar tawadar zaɓe, wadda ke rine yatsa da launin jam'iyyar da mutum ya zaɓa, kuma ba ta fita sai zaɓe ya zagayo, mutanen Tudun Ƙirya suka daina fita jefa ƙuri'a. Kowa tsoro yake, kada launin yatsansa ya sa a canza masa suna. Garin na masu kore ne, wato jam'iyya mai koren launi, mai jan yatsa kuwa ko a sahun salla janye kafaɗa ake yi daga tasa.

Ranar zaɓen bana, Ɗanliti tela ya yi ta kai-kawo a bakin rumfar zaɓe. Ja yake so, amma a gidan surukinsa yake zaune, tsohon kuma jigon masu kore ne.

Gwaggo Tabawa mai lalle tana gindin bango da ƙwaryar baƙin lalle.

"Ɗanliti, filin kake aunawa? Shiga ka dangwala, ka zo in rufe maka."

"Haba Gwaggo, namiji da lalle?"

"Rawar jikin da kake yi fa, ita ce ta maza?"

Ya shiga, ya fito da yatsa dunƙule cikin tafin hannu. Ta kau da kai, ta lalubo yatsan, ta shafe shi baƙi ƙirin. Ita ma mai kore ce, kowa ya sani, amma ba ta leƙa hannun kowa ba. Wannan shi ne mutunci.

Labari ya bazu, kafin la'asar layin masu jefa ƙuri'a su zo a shafa musu lalle ya kai bakin kasuwa.

Da yamma Ɗanliti ya durƙusa gaida surukinsa. Tsohon ya miƙo hannu yana kallon gefe. Nasa yatsan ma baƙi ƙirin.